Rakodar da Ummi Ta Bari

Litinin, 6 ga Mayu, 2002, da hantsi

Ummi ta koma Kaduna jiya. Ta bar mini magani leda guda, da garin kunu, da wannan abin da ke kan tebur. Rakoda ce, in ji ta, amma ba ta cin kaset. Ba ta kai tsawon tafin hannuna ba. Mijinta ne ya sayo da ya je Umra. Na tambaye ta ina maganar take zama tun da babu kaset, ta ce, "A ciki, Baba." Wannan ba amsa ba ce. Na ƙyale ta, don yanzu kowace magana sai na ji ta a wuya kafin ta fita.

Za ta dawo Lahadin ƙarshen wata ta kai ni Kano. Likita ya yi bayanin aikin da za a yi a maƙogwaron, da abin da kan biyo baya. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya dai ce in akwai maganar da nake so in yi da bakina, in yi ta kafin ranar.

Ita ma tana wurin, ta ji. Shi ya sa ta kawo abin.

Tana ɗaure jakarta, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ka yi mini magana a ciki, Baba. Ko labari, ko karatu, ko faɗa ma na yarda. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Ka sa mini albarka da sunana na yanka."

Na ce, "Ummin ba suna ba ne?"

Ta ce, "Sunan kowa ne. A layinmu ma akwai wata Ummin, mai sayar da ƙanƙara."

'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ta ci. Nauyi biyu ke nan a kan suna ɗaya. Safiyatu. Ga shi na rubuta, na sha rubuta shi a takardun makaranta. Baki ne bai saba ba. Ta haura arba'in ba ta taɓa jin sa daga gare ni ba, kuma ban taɓa zaton tana lura ba.

Na ce mata to. Me zan ce?

Talata, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na gwada. Na danna jan maɓallin kamar yadda ta nuna mini, ɗan jan haske ya kama. Na yi sallama, na faɗi sunana da kwanan wata, a tsanake, kamar mai karanta labarai a rediyo. Da na kunna, abin da na ji shi ne, "laikum," sai "risu," sai "Mayu." Kan kowace kalma a gutsure, kamar ɓera ya bi ta. Tarina kuwa ya fito cikakke, babu abin da ya rage. Haka kukan akuyar maƙwabta.

Na sake. Haka take.

Laraba, 8 ga Mayu, da safe

Na sa sabon batir. Haka take.

Alhamis, 9 ga Mayu, da hantsi

Na ɗauko takardar bayanin da ta zo da ita. Harsuna barkatai ne a ciki, har da Larabci, kuma duk an buga su da rubutu ƙanana kamar tururuwa ta taka tawada. Ingilishin yana nan. Na koyar da Ingilishi tun kafin a haifi wanda ya ƙera abin nan, na yi hedimasta a Kiyawa har na gaji, amma tabarauna ba ya ganin komai sai baƙin layi.

A gefenta akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa sama ko ƙasa. Wannan na iya karantawa: sama an rubuta HI, ƙasa LO. Na tura shi sama. Sai ta kwaso unguwa gaba ɗaya: kaji, da mai tallan kalanzir, da rediyon Sale ta bayan katanga, ni kuma ina can ƙasa kamar wanda ya faɗa rijiya. Na tura shi ƙasa. Unguwa ta tafi, ni ma na tafi.

Ina cikin haka Sale ya shigo. Ɗan kawuna ne, abokin wasana, katanga ɗaya ta raba mu, kuma bai taɓa yin sallama ya jira an amsa ba.

Ya ce, "Hedimasta, da wa kake faɗa tun safe? Ko aure ka yi ba ka gaya wa ubangidanka ba?"

Na miƙa masa. Ya jujjuya ta, ya ce wannan ai guntun sabulu ne. Na nuna masa inda ake dannawa. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, Sale ne ke magana, mai gonar dabino, ubangidan Idirisu, bawan da na gada wurin ubana." Na kunna. Ta maimaita shi tas, har da dariyarsa.

Ya ce, "Ka gani? Lafiyarta ƙalau. Kai ne batirinka ya yi sanyi."

Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ce bari ya je ya duba akuyar, ya fita.

Na goge shi. Gogewa dai na iya.

Asabar, 11 ga Mayu, da la'asar

Na hau acaba na je wurin Mika'ilu mai gyaran rediyo a bakin tasha. Zafin duwatsun nan ya sauko gari tun kafin azahar, kwalta har tana kama takalmi. Lasifikarsa na ta zuba wa'azi. Tun shigowar shari'a ba ya kunna komai sai shi, ko da yake na san abin da yake ji a da. Sai da na yi masa nuni da hannu ya rage, don ba ya jin abin da nake cewa.

Ya karɓa da hannu biyu, ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "Baba Malam, ta ina kaset ke shiga?"

Na ce babu.

Ya ce, "To ta ina yake fita?"

Ya ɗauko sukudireba. Ya ce in bai buɗe ya ga cikinta ba, ba zai san ciwonta ba, kuma ba zai yi mini alkawarin za ta sake magana ba bayan an rufe. Na karɓe abata. Na ce masa wannan maganar na riga na ji ta a wani wuri.

Bai gane ba. Ya ce in gaida gida.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

Luba, matar Sale, ta kawo kunu mai ɗumi da zuma. Ban san ko shi ne ba, ko kuwa rahamar Ubangiji ce ta safiya ɗaya, amma muryar ta buɗe. Ba kamar da ba, amma na gane ta.

Ban ɓata lokaci ba. Na karanta Fatiha da ƙananan surori, yadda nake karanta mata tana ƙarama. Na ba ta labarin ranar da ta bi ni makaranta a ɓoye, tana da shekara huɗu, babu takalmi, ta zauna ƙarƙashin teburina har aka tashi, mahaifiyarta kuma tana can ta tada unguwa da kuka. Na yi dariya a ciki. Tun rasuwar mahaifiyar tata ban ji dariyata a ɗakin nan ba.

Sannan na zo kan albarkar. Na ce Allah ya yi wa, na faɗi sunan, albarka.

Na kunna. Karatun yana nan, labarin yana nan, dariyar tana nan. Ƙarshen kuwa cewa ya yi, "Allah ya yi wa albarka." Haka, a haɗe, ko gurbin sunan babu.

Na faɗa. Na tabbata na faɗa. Ko dai na ji kamar na faɗa.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan azahar

Na kunna wa Sale. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa a kunne. Ya ce, "Ina sunan?"

Na ce ta haɗiye.

Ya ce, "Ashe rakodar ta fi 'yarka tarbiyya. Ita ta san ba a faɗin sunan 'yar fari. Yaran yanzu kuwa, gobe ma cewa za su yi mu kira su Hajiya."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Laraba, 15 ga Mayu, da hantsi

Na tono gilashin ƙara girman rubutu daga akwatin kayan makaranta. Na shimfiɗa takardar a bakin taga, na bi ta layi layi har idona ya yi ruwa. Na samo.

Ashe an saita ta ne ta riƙa jira. Ba ta ɗauka sai ta ji murya ta kai wani ƙarfi. Da murya ta yi ƙasa sai ta tsaya, wai don kada shiru ya cinye mata wuri. Shi ya sa take gutsure kan kalma, kafin ta farka an wuce. Shi ya sa take son Sale da akuya. Ni kuwa, duk maganar da ke da nauyi ƙasa nake yi da murya in zan faɗe ta. Haka aka rene mu. Ba a ɗaga murya a kan iyaye, ba a ɗaga ta a kan addu'a. Wanda ya ƙera abin nan a tunaninsa duk abin da aka faɗa a hankali ba shi da amfani.

Takardar ta ce ana iya kashe jiran. A danne maɓalli na tsakiya har haruffa su fara ƙyaftawa a ɗan gilashin da ke fuskar rakodar, a matsa gaba har a zo kan wasu haruffa uku, a danna, a zaɓi kashewa, a sake dannawa. Abin da ba ta faɗa da babban rubutu ba shi ne, in ka yi jinkiri kaɗan sai ta koma farko. Ni kuwa sai na ajiye rakodar na ɗauki gilashi na duba takarda, in ajiye gilashi in ɗauki rakoda. Kafin nan ta koma nuna agogo. Agogon ma ba daidai ba.

Maɓallan an yi su ne don yatsun yara. In na danna ɗaya, biyu nake dannawa.

Alhamis, 16 ga Mayu, da safe

Ta koma agogo.

Alhamis, bayan la'asar

Ta koma agogo. A wani dannawar na canja wani abu ban sani ba, yanzu tana nuna LP, kuma muryata tana fitowa kamar daga cikin randa. Sai da na sha wuya kafin na mayar da ita SP. Wannan shi ne aikin yau gaba ɗaya: na dawo inda nake jiya.

Na kusa jefa ta a kwatami. Allah ya sani.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Na haddace matakan kamar yadda nake sa yara haddar jadawali, don kada in sake duban takarda. Na yi amfani da gindin ashana maimakon yatsa. Ta yarda. Haruffa ukun sun ɓace daga fuskarta. Na gwada da raɗa, ta kama. Na yi shiru, jan hasken bai mutu ba.

A masallaci mutane sun yi ta gaishe ni, ina amsawa da kai. Liman ya riƙe hannuna ya daɗe. Wato labari ya zaga.

Gobe in sha Allahu.

Asabar, 18 ga Mayu, da azahar

Na rufe ƙofa. Na zauna. Na danna. Jan hasken ya tsaya cak yana jirana, ba ya ƙyaftawa, ba ya gudu.

Na ce bismillahi. Na ce Allah ya yi wa.

Na tsaya a nan. Na ga fuskar mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gidanmu na Garki, kamar za ta ɗago ta ce wa ke kirana haka gatsal. Na haɗiye yawu, ya yi zafi. Na ce bari in huta kaɗan in sake. Ina zaune, ina zaune, har rakodar ta yi ɗan ƙara, hasken ya mutu. Ta cika.

Na saurari wani ɓangare. Numfashina ne, da kurciya a kan katanga, da ƙarar kujera. Komai ta ɗauka, ba ta rage ko ɗaya ba.

Yanzu ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Lahadi, 19 ga Mayu, da safe

Na zo goge shirun jiya don in samu wuri. Ta tambaye ni wani abu da ƙananan haruffa. Gilashin ƙara girman rubutu yana ɗaya ɗakin. Na ce ai na san hanya, na danna.

Ashe tambayar ita ce ɗaya ko duka.

Karatun. Labarin teburin. Dariyar.

Litinin, 20 ga Mayu

Babu.

Talata, 21 ga Mayu, da la'asar

Luba ta kawo tuwo. Bai wuce ba. Ta koma ta damo kunu, ta tsaya a kaina sai da na sha. Ta ce, "Malam, ko a aika wa Ummi ta zo da wuri?" Na girgiza kai.

Na gwada sake karanta Fatiha a ciki. Wanda na ji ba ni ba ne. Wani tsoho ne yana jan buhu a kan siminti.

Laraba, 22 ga Mayu, da hantsi

Sale ya zo, ya zauna a bakin gado, yau babu tsokana. Na gaya masa abin da ya faru, rabi da baki, rabi da hannu.

Ya ce, "To ga shawara. Kai ka fara, in ka zo kan sunan sai ka taɓa ni in faɗa, ka ƙarasa. Ni ba 'yar farina ba ce, kuma gwaggona ce mai sunan, na sha kiranta a ɓoye. Murya kuwa ka san ina da ita."

Na ce ba muryarka ta roƙa ba.

Ya ce, "Me ka ce?"

Na sake faɗa. Bai ji ba. Ya matso da kunnensa. Wannan matsowar ita ta fi ɓata mini rai. Na nuna masa ƙofa da sanda. Ya tashi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Bawa yana korar ubangidansa. Duniya ta ƙare." Amma muryarsa ba ta wasa ba ce.

Alhamis, 23 ga Mayu, da safe

Na tarar da batir sababbi a kan dakalin zaure, an danne su da dutse. Ba wanda ya yi sallama.

Juma'a, 24 ga Mayu, da la'asar

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka. Kowa murna yake, gobe za a fita shuka. Ni ina ƙarƙashin kwanon rufi da rakoda a hannu. A sama ba ta jin komai sai ruwa, a ƙasa ba ta jin komai. Lahadi jibi ce.

Na yi tunanin in rubuta mata albarkar a takarda. Tana da rubutuna jaka guda. Ba shi ta ce ba.

Asabar, 25 ga Mayu, da hantsi

An yi suna a gidan Ahmadu tela, bayan sallar asuba. Ban yi niyyar zuwa ba, Sale ne ya buga ƙofa ya ce ko in fito ko ya ɗauke ni a kafaɗa. Muka zauna a tabarma, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, ana raba goro da dabino. Jaririyar 'yar Ahmadu ta fari ce. Da aka zo wurin raɗa suna, liman ya karkato da kansa, Ahmadu ya durƙusa, ya kare bakinsa da hannu, ya raɗa masa a kunne. Ba wanda ya ji. Liman ne ya ji, maroƙi ya shelanta.

Goron da ke hannuna ya faɗi.

A farkon littafin nan na rubuta cewa baki bai saba ba. Gaskiya ne. Amma ya taɓa yi. Ni ma na durƙusa haka a ƙofar gidanmu, ranar sunan Ummi, da sabuwar riga, na kare bakina na faɗa wa liman. Mahaifiyata tana cikin gida da ranta, kuma ba wanda ya ce na yi rashin kunya. A kunne aka faɗa.

Ban jira an watse ba. Na dawo, na rufe ƙofa da taga, na cire batirin agogon bango don kada ta ɗauki bugunsa. Na sa mata sababbin na Sale. Na duba da gilashi, a hankali: SP tana nan, haruffa ukun ba su dawo ba. Na tura na gefen sama. Zuwa lokacin unguwa duk ta tafi gona, ko kaza ba ta motsi.

Na ɗora ta a kan matashi, a bakin gado. Na durƙusa. Sauka ta yi wuya, ban san yadda zan tashi ba, amma na durƙusa. Na danna, na kare bakina da hannu, na kai shi dab da ita.

Na faɗa. Na sa albarkar har ƙarshe, ita da mijinta da 'ya'yanta.

Na saurara sau ɗaya tak, don tsoro. Raɗa ce, a shaƙe, amma kowane harafi yana nan. Na tura maɓallin kullewa, na naɗe ta a hankici, na sa a aljihun wata riga da ke kan gadon, wadda ba zan sa ba. Ba zan sake taɓa ta ba.

Sai da na jira Sale ya zo ya ɗaga ni. Ya ce, "Sallar me kake yi gabas tana bayanka?" Ya dubi hankicin da ke leƙowa daga aljihun rigar, bai ƙara tambaya ba.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Ta iso da azahar, ita da direba. Gobe da sassafe za mu kama hanyar Wudil. Ta share ɗaki, ta haɗa mini kaya, ta yi faɗa a kan maganin da ban shanye ba. Ba ta tambayi rakodar ba. Na lura tana duban teburin, tana kau da kai.

Da ta idar da sallah tana zaune a tabarma a tsakar gida, na ajiye hankicin a gefenta. Na yi mata nuni cewa zan leƙa wurin Sale. So nake in yi nisa kafin ta buɗe. Amma ƙafafun nan ba sa sauri, kuma ita ba ta da haƙuri tun tana ƙarama. Ina cikin zaure, hannuna a kan ƙyauren waje, na ji ƙarar maɓallin.

Ban ji rakodar ba. A kunnenta ta kara ta. Shiru kawai na ji, mai ɗan tsawo.

Sai na ji ta ce, a hankali, yadda take amsawa in na kira ta daga ɗaki, "Na'am, Baba."

Ban fita ba, ban koma ba. Na ji ta mayar da shi farko. Ta sake amsawa.